Abin da firidin bai gani ba a cikin ziyolayit ɗina

Akwai wani ɗan tudu da ke fitowa a allon kwamfuta a daidai lamba 3610 wanda na fi shekara uku ina kallonsa, kuma har yau in ya fito tsaf, siriri, bayan samfurin dutsen ziyolayit da nake aunawa da na'urar infared ya kwana a cikin zafi, sai in ji hankalina ya kwanta. Wanda bai san harkar ba layi kawai zai gani ya ɗan tashi ya sauka. Ni kuwa abin da nake gani a wurin ƙwayar haidirojin ce guda ɗaya tal, manne da oksijin, a cikin wani rami da faɗinsa bai wuce rabin nanomita da ɗan ɗori ba, tana ta kai da komo ba hutawa. Nanomita kuwa sai ka raba mita ɗaya gida biliyan sannan ka ɗauki kashi guda. Yau so nake in ba da labarin ranar da wannan tudun ya ƙi ɓacewa alhali bisa duk abin da aka koya min ya kamata a ce ya ɓace, don daga ranar ne na daina kallon sakamakon na'urar infared yadda nake kallonsa a da.

Bari dai in fara da dutsen kansa, don na san ba kowa ne ya taɓa jin sunan ziyolayit ba. Wani masanin ma'adinai ɗan ƙasar Suwidin, Axel Cronstedt, shi ya raɗa masa suna a 1756. Ya ɗora wani dutse a wuta sai ya ga yana fitar da tururi kamar mai tafasa, shi ne ya haɗa kalmomin Girkanci biyu, ta tafasa da ta dutse. Ashe ruwa ne maƙare a cikin ramukan dutsen yake ficewa. Ginin nasa a asali mai sauƙi ne, silikon ɗaya oksijin huɗu sun kewaye shi, kowane oksijin kuma yana riƙe da maƙwabta biyu, haka suke ta sarƙewa har su zama zobba, zobban su jeru su zama lunguna da ɗakuna, kuma abin mamakin shi ne duk lunguna masu iri ɗaya faɗinsu ɗaya ne ba wanda ya fi wani, shi ya sa ake iya tace molakul, wato ƙwayoyin zarra da suka haɗu suka zama abu guda, da shi bisa girma. Toh a wasu gurabun sai alminiyom ya zauna inda silikon ya kamata ya zauna. Silikon caji huɗu yake kawowa, alminiyom uku, kenan an samu giɓin guda ɗaya wanda dole wani abu mai caji ya zo ya cike. In sodiyom ne ya cike shikenan, dutsen lafiya lau yake ba ya cizo. Amma in furoton ne, wato haidirojin da aka raba da ilektoron ɗinsa, to ka samu asid mai ƙarfi a cikin busasshen gari fari wanda za ka iya zubawa a tafin hannunka. Furoton ɗin yana zama ne kan oksijin da ya yi gada tsakanin silikon da alminiyom, muna ce masa OH na gada, O na oksijin H na haidirojin, kuma shi ne mai tudun 3610 ɗin nan a cikin nau'in da ake kira ZSM-5.

Ba wasa ba ne wannan furoton. Tun 1962 kamfanin Mobil ya fara saka ziyolayit a aikin fasa mai mai nauyi zuwa fetur, kuma yau kusan duk matatar da ke wannan aikin da ziyolayit Y take yi. ZSM-5 ma daga Mobil ya fito, an ba su haƙƙin mallakarsa a 1972, kuma da shi aka gina masana'antar da ke juya metanol zuwa fetur a Niyuzilan a 1985. Duk wannan aiki a kan waɗancan furotonin yake gudana. Shi ya sa tambayar kullum ita ce: guda nawa ne, ina suke zaune, ƙarfinsu nawa, kuma wace molakul ce za ta iya kai wa gare su?

Nan infared ya shigo. Haske ne da ido ba ya gani, William Herschel ya gano shi a 1800 lokacin da ya ajiye ma'aunin zafi gaba kaɗan da inda jan launi ya ƙare a hasken rana da ya rarraba, ya ga zafi ya ƙaru a wurin da ba a ganin komai. Yadda nake bayyana wa sababbin ɗalibai shi ne, ka ɗauki kowane haɗi tsakanin ƙwayoyin zarra biyu kamar sifirin ne da nauyi a kowane gefe. Sifirin mai tauri da nauyi kaɗan zai yi rawa da sauri, mai laushi da nauyi da yawa a hankali zai yi. In ka haska infared, kowane sifirin zai sha hasken da ya yi daidai da saurin rawarsa ya bar sauran su wuce, na'ura kuma ta nuna maka inda aka sha a matsayin tudu. Lambobin da nake ta ambata adadin igiyoyin hasken ne da za su shiga cikin santimita ɗaya. Haɗin oksijin da haidirojin yana can sama wajen 3600 saboda haidirojin ba shi da nauyi, na kabon da haidirojin wajen 2900 zuwa 3000, na kabon da oksijin mai ninki biyu wajen 1700. In kana son ka tabbatar da maganar nauyin nan da idonka, musanya haidirojin da ɗan'uwansa ditiriyom mai ninkin nauyinsa, nan take tudun 3610 zai tashi ya koma wajen 2660. Ranar da na fara ganin haka da kaina wallahi na daɗe ina kallon allon, lissafin da muka yi a takarda ne ya fito a fili.

Toh dabarar gaba ɗaya ga ta. In wata molakul ta shigo rami ta zauna kan OH ɗin, za ta ja haidirojin ɗin zuwa gare ta, sifirin ya saki, tudun ya sauka ƙasa ya yi faɗi. Ita ma molakul ɗin nata sifirin suna canjawa tunda an taɓa ta. Ruwa ba ya tsami banza, duk tudun da ka ga ya gusa akwai abin da ya gusar da shi, aikinka shi ne ka gano mene ne.

Kafin a kai nan akwai wahalar da ba a cika rubutawa a takardun bincike ba, layi biyu kawai ake ba ta. A ajin farko ana koya mana a niƙa samfur da gishirin KBr, wato fotasiyom buromayid, a matse, amma a wannan aikin ba a yin haka, don KBr yana riƙe ruwa, ba ya jure zafin da ake buƙata, kuma fotasiyom ɗinsa na iya musanya wuri da furotonin da kake son aunawa, ka ga ka kashe abin da ka zo nema. Sai dai a matse garin ziyolayit zalla ya zama ɗan faifai siriri mai tsayuwa da kansa, kamar miligiram 10 a kowace murabba'in santimita. In ya yi kauri haske ba zai ratsa ba, in ya yi siriri da yawa kana ɗaga shi zai tarwatse, in ka matse da ƙarfi fiye da kima kuma kana iya lalata ginin. Akwai makon da na yi faifai takwas kafin ɗaya ya shiga mariƙinsa lafiya. Daga nan a saka shi cikin sel, wato ɗan rufaffen akwatin awo, mai tagogi na kalsiyom fulorayid, a kunna famfon zuƙe iska, a riƙa ɗaga zafi sannu a hankali har wajen digiri 450, a bar shi ya kwana. Sannu a hankalin nan da gaske nake, don in ka yi gaggawa tururin ruwan da ke fita shi da kansa zai fizgo alminiyom daga cikin ginin, washegari ka ga wani sabon tudu wajen 3665 wanda kai ka haife shi da hannunka. In aikin ya yi kyau, tudun ruwa na wajen 1630 zai tafi, faffaɗan tulin da ya rufe saman sakamakon zai washe, sai ga 3745 na silanol, wato OH ɗin da ke kan silikon kaɗai a bakin ƙwayar dutsen wanda kusan ba shi da ƙarfin asid, ga kuma 3610 a gefensa.

Wani abu kuma, ƙasa da wajen 1300 makaho kake. Ginin silikon da oksijin yana shanye hasken wurin kakaf. Amma yana barin wasu tudai biyu marasa tsayi wajen 2000 da 1870, su kuma muna amfani da su wajen gane kaurin faifai, don a iya kwatanta samfur biyu ba tare da an zalunci ɗaya ba.

Yanzu firidin, molakul ɗin da nake aikawa cikin ramukan don in ƙirga furotonin. Zobe ne mai kusurwa shida kamar sinadarin benzin, sai dai a gurbin kabon ɗaya naitirojin ne ya zauna, kuma wannan naitirojin yana da ilektoron biyu da ba su da aikin yi, suna neman inda za su kama. Warinsa kam ba a magana, ɗigo ɗaya ya isa ya cika ɗaki, kuma yana da illa ga lafiya, don haka kullum a rufe ake aiki da shi. Tun 1963 wani mai bincike, E. P. Parry, ya nuna cewa firidin na iya bambance asid iri biyu a kan daskararren abu. In ya haɗu da asid irin na Bronsted, wanda ke ba da furoton, sai ya karɓe furoton ɗin gaba ɗaya ya zama firidiniyom, tudu ya fito a 1545. In kuma ya haɗu da asid irin na Lewis, misali alminiyom da ya rasa maƙwabci yana neman ilektoron, sai ya manne masa kai tsaye, tudu ya fito wajen 1455. Akwai na 1490 wanda dukkansu biyun suke bayarwa, shi ba ya raba gardama. Ana shigar da tururin firidin, a bar shi ya zauna, sannan a zuƙe a digiri 150 don wanda ya raɓe kawai ba tare da ya kama komai ba ya fita. Sai ka cire sakamakon farko daga na biyu a kwamfuta, abin da ya ƙaru ya miƙe sama, abin da ya ɓace ya nutse ƙasa. A ZSM-5 abin gwanin sha'awa ne, 3610 ya ɓace ƙurmus, 1545 ya tashi. Kowane furoton ya samu mai karɓarsa.

Na saba da wannan har ya zame min jiki. Sai aka ba ni modinayit.

Modinayit wani nau'in ziyolayit ne, lungunansa sun fi na ZSM-5 faɗi, zobe mai oksijin 12, kusan nanomita 0.65 a 0.70, shi kuwa ZSM-5 zobensa mai 10 ne, wajen 0.55. Kenan a tunanina in firidin ya shiga ZSM-5 ba gardama, a modinayit ai da gudu zai shiga. Na yi komai yadda na saba, na shigar da firidin, na zuƙe, na duba. 1545 ya fito da kyau. Amma da na koma sama sai na tarar tudun OH bai tafi duka ba, wani kaso mai yawa yana nan daram, kuma ya ɗan karkata ƙasa zuwa wajen 3585. Abin da ya fara zuwa min rai shi ne firidin ɗin bai isa ba, na ƙara. Yana nan. Na ce ko iska ce ke shiga ta wani wuri, na bi duk mahaɗan bututun ɗaya bayan ɗaya, ba komai. Na yi sabon faifai na sake kwana biyu a kai, abin da na gani da farko shi na sake gani. Gaskiya raina ya ɓaci a lokacin, don ina da adadin alminiyom da aka auna ta wata hanya dabam, kuma furotonin da firidin ya ƙirga min sun gaza wannan adadi nesa ba kusa ba, ga shi ina son in kai rahoto.

Da na kai wa malamina bai ce min komai a kan na'ura ba. Cewa ya yi, "Ɗauko min hoton ginin modinayit." Na buɗo a kwamfuta, ya sa ɗan yatsa a jikin bangon babban lungun ya ce, "Waɗannan fa, ka gan su?" Na ce, "Na gani, Malam." Wasu ƙananan aljihuna ne a gefen lungun, ƙofarsu zobe mai oksijin 8 kacal. Ya ce in je in gwada amoniya in dawo.

Amoniya ƙarama ce, naitirojin ɗaya haidirojin uku. Ina shigar da ita tudun OH ya tafi baki ɗaya, har da ragowar 3585 ɗin. Ashe tun farko tudun da nake ɗauka ɗaya ne biyu ne suka hau kan juna, na furotonin babban lungu wajen 3610, da na waɗanda ke cikin aljihu wajen 3585, firidin kuma ya yi girma da ƙofar aljihun, yana wucewa ta gabanta ba ya iya kutsawa. Abin da na yi ta zargi a matsayin matsala shi ne sakamako mafi daraja da na samu a wannan watan, don na'urar tana faɗa min inda furotonin suke zaune ne, ni kuma ina can ina neman inda iska ke yoyo.

Abin bai tsaya nan ba, kuma wannan ɓangaren ne ya fi taɓa ni. Da na shiga karatu sai na tarar ƙungiyar Enrique Iglesia a jami'ar Kalifoniya da ke Bakli sun nuna, wajen 2006 da 2007, cewa a aikin haɗa sinadarin da ake kira dimetil-ita da iskar kabon monoksayid don a samu metil asitet, furotonin da ke cikin zobe mai 8 ɗin nan su ne ke yin aikin. Matsin wurin shi ke taimakawa, ramin ya rungume abin da ke samuwa a tsakiyar hanya daidai wa daida. Su kuwa na babban lungu sun fi haifar da dattin kabon da ke toshe hanya ya kashe katalis ɗin, wato ziyolayit ɗin da ke hanzarta aikin. Har daga baya wasu masu bincike suka riƙa shigar da firidin da gangan kafin a fara aiki, ya je ya toshe furotonin babban lungu, a bar na aljihu su yi ta aikinsu, katalis ɗin ya daɗe bai mutu ba. Ka duba fa, wuraren da firidin bai gani ba su ne masu aikin. Da na kai rahoton adadin da ya ba ni na ce ga yawan asid ɗin samfurina, da na ƙirga waɗanda ba su da hannu a wannan aikin na bar masu hannu.

Tun daga nan na fara yi wa kowace molakul da zan aika cikin rami tambayoyi biyu kafin in buɗe mata bututu: ina za ta iya shiga, kuma da wane ƙarfi take ja?

Maganar ƙarfin ja ita ce aibin firidin na biyu. Yana da kwaɗayin furoton sosai, ma'aunin da ake amfani da shi ya ba shi wajen kilojul 930 a kowane mol (mol ma'aunin yawan molakul ne), amoniya 854, metanol 754, kabon monoksayid kuwa 594 kacal. Mai irin wannan kwaɗayin duk furoton da ya samu fizge shi zai yi, mai ƙarfi da mai rauni duk tudu ɗaya za su ba ka a 1545. Mutane suna ƙoƙarin gyara wannan ta hanyar ɗaga zafi mataki-mataki, 250, 350, 450, su ga nawa ya rage, su ce wanda ya rage yana kan asid mai ƙarfi. Ni ina ɗaukar wannan da taka-tsantsan, don firidin da ya saki wani wuri a cikin dogon lungu yana iya sake kama wani kafin ya kai ƙofa, kuma yadda bangon rami ya matse shi ma yana riƙe shi, kenan abin da kake aunawa ya haɗa da siffar ramin, ba ƙarfin furoton zalla ba.

In ƙarfi nake son sani, kabon monoksayid nake ɗaukowa. Shi ba ya iya fizge furoton, taɓawa kawai yake yi, kuma taɓawar ba ta da ƙarfi har sai an sanyaya sel ɗin da ruwan naitirojin, wajen digiri 196 ƙasa da sifiri, kafin ya yarda ya zauna. Masu bincike na Turin a Italiya, su Adriano Zecchina, sun yi fice a wannan fanni. A matsayinsa na iska tudunsa yana 2143. In ya zauna kan OH na gada a ZSM-5 sai ya hau zuwa wajen 2175, shi kuma OH ɗin ya sauka da kimanin 300, daga 3610 zuwa wajen 3300. In kan silanol ya zauna, saukar ba ta wuce kimanin 90 zuwa 100. Wannan tazarar ita ce ma'aunin, iya nisan saukar iya ƙarfin asid ɗin. Aikin yana da wuya, ana ƙara iskar kaɗan-kaɗan ne ana ɗaukar sakamako bayan kowace ƙari, ruwan naitirojin yana ta ƙarewa kana ƙarawa, ga shi iskar guba ce marar wari dole a yi hattara, amma idan ka jera layukan ka ga tudu ɗaya yana raguwa ɗaya yana tashi duk suna ratsawa ta ɗigo guda, kai, akwai kyau.

Tsakanin waɗannan biyun akwai asitonaitiril, wanda ake amfani da mai ditiriyom saboda na yau da kullum tudunsa yana rabuwa biyu ya rikita karatu. Ƙarami ne, yana shiga inda firidin ba ya shiga, yana ba da tudu wajen 2300 kan asid na Bronsted, wajen 2325 kan na Lewis mai ƙarfi. In kuma bakin ƙwayar dutsen kawai kake son aunawa sai ka juya dabarar, ka ɗauko firidin da aka ɗaura wa manyan rassa biyu a gefen naitirojin ɗinsa har ya kasa shiga lungun ZSM-5 sam, duk furoton da ya kama ka san a waje yake ko a bakin ƙofa.

Metanol shi ne ya fi ba ni wahalar fahimta, kuma shi ne ya fi muhimmanci tunda shi kansa ake sarrafawa a masana'anta. In ka saka kaɗan, molakul ɗaya a kan furoton ɗaya, maimakon tudu ɗaya da ya gusa sai ka ga faffaɗan tudai uku, wajen 2800, 2400 da 1700, ana ce musu A, B da C. Mutum zai rantse abubuwa uku ne dabam-dabam. An daɗe ana gardama a kai, wasu suna cewa alamar metanol ya karɓe furoton ne. Bayanin da ya samu karɓuwa shi ne tudu ɗaya ne ƙato mai faɗin gaske na OH da aka ja da ƙarfi, sai wasu rawar lanƙwasa na OH ɗin suka yi karo da shi suka huda shi a wuri biyu, ya zama kamar uku. Wato ramukan da ke tsakanin tudan su ne labarin. Furoton yana nan a jikin dutse bai tafi ba, sai an ƙara metanol sun zama biyu ko uku a wuri ɗaya sannan suke haɗa ƙarfi su ɗauke shi. Haka ma ruwa yake yi. In ka ɗaga zafi kuma sai ruwa ya fita, rukunin metil ya zauna kan oksijin na gada a gurbin furoton, 3610 ya ragu, sababbin tudai na kabon da haidirojin su fito, daga nan ne hanyar zuwa fetur da olifin, wasu molakul na kabon da haidirojin, take farawa. Da tafiya ta yi nisa za ka ga wani tudu yana tasowa wajen 1600, faifan da ka saka fari ya koma ruwan ƙasa ya koma baƙi, dattin kabon ne ke taruwa. A shekarun 1990 Dahl da Kolboe a Nowe suka kawo bayanin cewa wasu daga cikin molakul ɗin da ke maƙale a ramin ba datti ba ne kawai, da su ake yin aikin, metanol yana hawa kansu olifin yana ɓallewa daga jikinsu.

Saura maganar lamba, wadda nake ganin a nan aka fi yin sakaci. Don ka juya faɗin tudun 1545 zuwa adadin furoton kana buƙatar wata lamba da ke nuna yawan hasken da kowace molakul ke sha. Kusan kowa lambobin da Emeis ya wallafa a 1993 yake ɗauka, 1.67 na Bronsted da 2.22 na Lewis. Aiki ne mai kyau ba shakka, amma wasu sun sake aunawa a kan wasu samfura da wasu na'urori sun samu lambobi da suka bambanta sosai, don abin yana canjawa da nau'in ziyolayit, da zafin da aka ɗauki sakamako, da yadda ƙwayoyin garin ke warwatsa haske, har da kaurin faifai. Sai ka ga takarda ta ba da adadin asid har da ɗigo da lambobi biyu a bayansa alhali lambar da aka yi lissafin da ita aro ce. Wannan yana damuna ƙwarai, don wani ɗalibi zai zo ya gina aikin shekara a kan wannan adadin. Gyaran ba shi da wani sirri, ka shigar da firidin da ka san adadinsa kaɗan-kaɗan ka ga yadda tudun ke girma ka fitar da taka lambar, ko ka haɗa infared da sikeli mai auna nauyin faifan a lokaci guda kamar yadda masu bincike na birnin Kan a Faransa suka ƙera. Yana cin kwanaki, shi ya sa ake gudunsa. Waɗanda ke zuba gari a ɗan kofi su auna hasken da ya dawo, ba tare da sun matse faifai ba, aikinsu ya fi sauri kuma yana da amfani wajen ganin abin da ke faruwa, amma fitar da adadi daga nan ya fi wuya nesa.

Akwai kuma abin da kullum nake tuna wa kaina, duk wannan awon a cikin sel da aka zuƙe wa iska ake yinsa, a busasshen dutse, wani lokaci cikin sanyin da ba a taɓa samu a masana'anta ba. Katalis na gaske yana aiki ne a digiri 350 ko 450, ga tururin ruwa, ga molakul iri-iri suna turereniya a lungu ɗaya. Shi ya sa yanzu aka fi karkata ga auna infared ana cikin aiki, iska tana ratsa faifan, a ɗaya gefen kuma wata na'ura tana auna abin da ke fitowa. A nan ma sai an yi hattara, don tudun da ya fi tsayi sau da yawa na molakul ɗin da ta samu wuri ta zauna ne ba ta yin komai, mai aikin gaske tana samuwa ta wuce cikin ƙiftawar ido ba ta taruwa har a gan ta. Hanyar rarrabe su ita ce a sauya abin da ake shigarwa da mai ditiriyom ko mai kabon 13, wato kabon mai ɗan ƙarin nauyi, ba zato, a ga wane tudu ne ya gusa da saurin da kayan ke fitowa, wane ne ya tsaya inda yake.

Modinayit ɗin nan har yanzu yana cikin kwalbarsa a kan shiryayyena, kuma mako mai zuwa zan koma kansa. So nake in toshe babban lungun da firidin tukuna, in sanyaya sel ɗin, sannan in aika kabon monoksayid in ga ko zai samu hanyar raɓawa ta gefen firidin ya kai ga furotonin 3585, in ya kai kuma da nawa zai saukar da su. Na riga na matse faifai uku na ajiye, biyu sun fita lafiya, na ukun ya ɗan tsage a baki amma ina jin zai shiga mariƙi.